Jakar asali da wadda ake cewa "rarar kamfani": ina bambancin?

Hajiya, na ga tambayarki kan jakar Louis Vuitton ɗin da wata mai sayarwa ta yi miki tayi a dubu 180, wai rarar kamfani ce daga masana'antar da ke yi musu aiki a Chana, kina so ki saka a lefen ƙaninki. Don Allah ki dakata kada ki tura kuɗin tukuna.

Mu fara da labarin kansa, don nan ne ƙaryar take fara fitowa. Jakunkunan Louis Vuitton a Faransa, Sifen, Italiya da Amurka ake ɗinka su, kuma kamfanin ba ya yin ragi, a shagunansa da shafinsa kawai yake sayar da sabo. Neverfull ɗin da kika turo hotonta ta kai wajen dala 2,000 a shagonsu. To wa zai bar miki ita a dubu 180? Irin waɗannan kamfanonin sunansu suke sayarwa, ba sa barin kaya ya zube a kasuwa da araha, Burberry ma sai da ta ƙona kayan fam miliyan 28 da ɗoriya cikin shekara guda kafin surutun mutane ya sa ta daina a 2018. Maganar "rarar kamfani" kuwa ta ƙara yaɗuwa ne a Afrilun 2025 lokacin da bidiyoyin TikTok suka cika gari, 'yan masana'anta a Chana suna cewa su ke ɗinka wa manyan kamfanoni.

Sai ita jakar a hannu. Ta asali mai zanen tambarin LV a jiki hannunta fata ce mara rini, farkon saye fari-fari take, da amfani sai ta riƙa rikiɗa zuwa kalar zuma. Ta jabu yawanci ko dai ta tsaya yadda take ko ta fara ɓarewa kamar bawon albasa. Ni da idona na ga wadda wata ƙawata ta saya da wannan labarin, ko wata uku ba ta yi ba gefen hannun ya tsage, jan fentin bakin fatar yana manne mata a tafin hannu in ta yi gumi, abin ya ba ni takaici wallahi don kuɗin adashinta ne. Ki shinshina cikinta, warin gam da roba ba ya ɓuya. Ki ja zif ɗin, na asali yana da nauyi yana tafiya sumul, na jabu sakayau yake yana cijewa. Ɗinki ma ki bi shi da ido, in wani ya fi wani tsawo ko zare ya leƙo to kin gane.

Kada kwali da rasit su ruɗe ki, duk bugawa ake yi. Louis Vuitton ba ya ba da katin shaidar asali, in kin ga kati a ciki ma alama ce. Tun 2021 kuma suka bar saka lambar kwanan wata suka koma ɗan guntun na'ura a ɓoye cikin jakar, sabuwa fil mai tsohuwar lamba abin tambaya ce.

Akwai ragi na gaskiya fa, Gucci na da shagunan kayan da lokacinsu ya wuce kamar na Bicester a Ingila, amma shagon kamfanin ne da kansa, ba ta WhatsApp ba.

In kwafi kike so ki saye ta a kuɗin kwafi, kin san abin da kika riƙe. Amma lefe ne Hajiya, dangin amarya sai sun ɗaga kowane kaya sun jujjuya, ni da zan ba ki shawara ki nemi jakar fata mai kyau wadda ba ta ɗauke da sunan kowa, ragowar kuɗin ki ƙara atamfa.