Sharhi a kan bindigar ɗurin baki mara nauyi da na yi farautar barewa da ita

Kakana na wajen uba maharbi ne a wani ƙauye da ke yankin Igabi, kuma duk da cewa aikin ofis ya riƙe ni a cikin garin Kaduna shekara da shekaru, ban manta da adakarsa ba, doguwa mai ƙotar katako wadda ta yi baƙi saboda gumin hannu, wadda yaro ba ya iya ɗaga ta sai ya haɗa da nishi. Saboda haka da ɗan baffana da ke zaune a jihar Ohayo ta Amurka ya ce in daidaita ziyarata da farkon watan Janairu, lokacin da hukumar jihar ke ware kwana huɗu domin farautar barewa da bindigar da ake ɗurawa ta baki kawai, ban tsaya dogon tunani ba. Wannan sharhi a kan bindigar da na zaɓa ne da kuma ɗurin da na gwada mata, kuma na rubuta shi ne domin 'yan'uwa masu sha'awar farauta da suka yi ta tambayata tun da na dawo.

Dabbar da suke farauta ba barewarmu ba ce sak, sunan kawai muka ara mata. Fari ne a ƙarƙashin wutsiyarta, wanda take ɗagawa idan ta razana, namijin kuma yana da ƙaho mai rassa da yake zubarwa duk shekara ya sake tsiro da wani. Macen da ta girma ta kai babban ragon layya. Ita ma bindigar ba adaka ba ce, ko da yake asalinsu ɗaya: a zuba garin albarushi ta baki, a tura harsashi a kansa da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a sake ɗuri. Bambancin shi ne, tun da wani maƙerin bindiga mai suna Tony Knight ya fito da samfurinsa na MK-85 a 1985, masu ƙira suka koma sanya hular da ke tayar da wuta a bayan garin kai tsaye maimakon a gefe, cikin bututun kuma akwai zane mai murɗa harsashi domin ya tafi a miƙe.

Bindigogi biyu aka ajiye mini a kan tebur. Ɗaya tasa ce, mai bututu inci 28, wadda da madubin hangenta ta kusa kilo 4. Ɗayar kuma sabuwa ce da ya saya domin baƙi irina, mai bututu inci 24 da ƙotar roba, nauyinta bai cika kilo 3 ba kafin a ɗora mata madubi, kuma tana karyewa a tsakiya kamar bindiga mai baki biyu domin a sa mata hular da suke kira 209. Faɗin bakin kowacce rabin inci ne, wato milimita 12.7. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin kamfanoni da dama suna yin irinta a kan farashin da bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, kuma abin da zan faɗa ya shafi wannan aji ne gaba ɗaya. Da na ɗaga ƙaramar na ji kamar sandar makiyayi ce a hannuna, nan take na ce ita nake so. Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, abin da ta rage maka a hannu, a kafaɗa za ta karɓa." Ban fahimci maganar ba sai washegari a filin gwaji.

Garin da suke amfani da shi iri-iri ne. Akwai baƙin albarushi na asali, akwai kuma waɗanda aka ƙirƙira su maye gurbinsa, kamar Pyrodex da ya shigo kasuwa a 1976, kuma ana sayar da wasunsu a dunƙule kamar ƙwayar magani mai rami a tsakiya, kowane dunƙule a matsayin giren 50. Giren ma'auni ne nasu, kusan guda 15 da rabi ke yin giram ɗaya, sai dai a wajen garin bindigar ɗuri da cikar ma'auni ake lissafi, ba da nauyin sikeli ba. Littafin da ya zo da bindigar ya ce iyakarta dunƙule uku, wato giren 150, ni kuwa da zuciyar jikan maharbi na ce a fara da iyakar. Harsashin mai nauyin giren 250 ne, kimanin giram 16, siririn da aka sanya cikin kwasfar roba domin ya cika bakin bututun, kwasfar kuma tana yar da kanta da zarar sun fita.

Da na ja kunama, abin da na fara gani wuta ce mai tsawo daga bakin bindiga, sai farin hayaƙi ya rufe allon gwajin harbin gaba ɗaya, irin wanda 'yan bindiga ke turnuƙe ƙofar fada da shi ranar hawan Sallah a Zariya. Kafin hayaƙin ya washe na ji ɗumi yana gangarowa ta gefen hancina, ashe bakin madubin ne ya dawo ya sare ni a saman gira. Saura ƙiris garin neman gira in rasa ido. Na daure na ƙara harbi biyu, amma tun kafin in ja kunama jikina yake noƙewa yana jiran shuri, kuma ramuka ukun da suka fito a allon da ke nisan yadi 100, wato mita 91, faifai ma da ƙyar zai rufe su. Dalilin a fili yake: ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne yake turo bindiga baya, kuma gwargwadon rashin nauyinta gwargwadon saurin da za ta dawo wa mai ita. Ga shi kuma gajeren bututu ba ya ba gari mai yawa damar gama ci a ciki, shi ya sa wani kaso yake ƙonewa a waje a banza, ya zama wuta da ƙara.

Da muka sauko zuwa dunƙule biyu sai bindigar ta zama wata daban. Shurin ya koma abin da mutum zai iya jurewa ba tare da ya rufe ido ba, ramukan kuma suka taru a wurin da tafin hannu zai rufe. Amma inda na fi samun natsuwa shi ne da muka ajiye dunƙulen muka koma garin da ake zubawa da ma'aunin tagulla mai zane a jikinsa. Na gwada giren 90, na gwada 80, kuma a kan 80 na tsaya, domin a nan harbi uku suka kusa taɓa juna. Dunƙule yana da saurin ɗuri, musamman idan yatsu sun sandare da sanyi, sai dai yana tilasta wa mutum tsalle daga 100 zuwa 150, alhali abin da bindigar ke so yana iya kasancewa a ƙasa da su duka. Harsashin dalma zalla mai cika baki, wanda nauyinsa ya haura giren 300, na harba shi sau biyu na ajiye, domin ya dawo mini da shurin da na gudu. Mulmulallen harsashi irin na da kuwa bai dace da ita ba, saboda zanen cikinta yana cika zagaye ɗaya a inci 28, murɗawar ta yi masa sauri. Wanda zai je wata jiha ya fara duba dokarta, domin Kolorado ta hana kwasfar roba da dunƙulen gari da madubin hange a lokacin farautar ɗurin baki, Fensilbaniya kuma tana da lokaci bayan Kirsimeti da ba a yarda da komai ba sai bindiga mai ƙyastu.

A daji ne rashin nauyin ya biya bashinsa. Kudu maso gabashin Ohayo tuddai ne da kwaruruka, ga ƙanƙara a ƙasa, ga tufafin sanyi har hawa huɗu da riga mai launin ruwan lemo da doka ta wajabta a ɗora a kai domin maharba su riƙa hango juna. Na fita da lasisin ɗan koyo, wanda ya sharɗanta in kasance tare da mai cikakken lasisi, kuma muna da rubutaccen izinin mai gonar a aljihu. Tun kafin fitowar rana muke hawa, kuma zuwa azahar ɗan baffana yakan yi ta sauya wa tasa kafaɗa yana huci, ni kuwa sau da yawa nakan manta da akwai abu a bayana. Gajartarta ta sa ba ta sarƙewa a rassa, tana kuma saurin hawa kafaɗa. Sai dai idan mutum ya tsaya a tsaye babu abin jingina, bakinta yana rawa fiye da na mai nauyi, kowane bugun zuciya sai ya nuna a madubi, don haka ban yarda in harba ba sai na jingina da bishiya.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ƙotar robar holoƙo ce, idan ta bugi reshe sai ta yi ƙara kamar an ƙwanƙwasa jarka, a dajin da ko taka busasshen ganye yana korar dabba. Sandar ɗurin da ta zo da ita siririya ce kuma gajera, tura harsashi mai kwasfa da ita cikin sanyi sai da ya bar mini shaida a tafin hannu, kuma bayan harbi biyu dattin gari yakan taru a gindin bututu har harsashi ya ƙi sauka sai an goge. Wannan wuri ne mai haɗari, domin idan harsashi bai zauna daram a kan gari ba, aka bar fili a tsakaninsu, bututun yana iya kumbura ko ya fashe. Maganinsa shi ne a yi wa sandar alama a daidai inda take tsayawa idan ɗuri ya zauna, ta yadda da kallo ɗaya za a gane ko bai kai ba, ko kuma an yi ɗuri biyu bisa mantuwa.

Kuskuren rana ta biyu kuwa nawa ne. Da muka dawo da yamma na cire hular, na shigar da bindigar ɗaki mai ɗumi da ɗurinta a ciki, ƙarfen mai sanyi ya yi gumi, garin ya sha danshi. Da safe barewa ta fito a nisan da bai fi mita 60 ba, na ja kunama, hular ta yi "tas", sannan shiru. Ɗan baffana ya riƙe mini hannu ya ce, "Kada ka sauke ta, Yaya, bar bakinta a can." Ban kai ga amsa masa ba ta tashi da kanta, harsashin ya tafi cikin ƙasa, barewar kuma ta ɗaga farar wutsiyarta ta shige. Daga ranar muka koma barin ta a rumfar mota a kulle inda sanyi yake, da ɗan salatif a bakinta domin kada ƙanƙara ta shiga. Maharbanmu sun san wannan matsala a watan Agusta, ni dai ban zaci zan gamu da ita a ƙasar da ruwa ke daskarewa ba.

A rana ta huɗu, gab da faɗuwar rana, wata babbar mace ta tsaya a gefen gonar masarar da aka girbe, kimanin mita 70 daga inda muke. Na jingina, na yi bisimilla, na sa mata a bayan kafaɗa. Da hayaƙin ya washe ban gan ta ba, sai da muka bi jini a kan ƙanƙara taku talatin muka same ta kwance, harsashin ya shiga ta gefe ya fita ta ɗayan. Giren 80 ne ya yi wannan aiki, kusan rabin abin da ya tsaga mini gira. Daren nan sai da muka kwance toshiyar gindin bututun muka wanke shi tas muka shafa mai, domin dattin wannan gari yana jawo danshi, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta fara cin ƙarfe.

Hukuncina shi ne, ga wanda zai yi tafiya mai nisa a tuddai kuma harbinsa ba zai wuce mita 100 ba, mara nauyin ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin ya haƙura da matsakaicin ɗuri ya kuma sayi sandar ɗuri mai ƙwari daban. Wanda zai wuni a zaune wuri ɗaya, ko yake son harbi mai nisa da gari mai yawa, mai nauyin ta fi masa. Kada kuma wani ya ɗauki waɗannan alƙaluma ya kai wa adakar da maƙeri ya haɗa a ƙauye, domin ƙarfen ba ɗaya ba ne, babu kuma wanda ya gwada iyakarta. Garin harsashin zamani mara hayaƙi kuwa, ko a wannan ta kamfani an hana zuba shi, saboda fasa ta zai yi.

Bindigar tana can na baro ta. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta ware wa bindigogin ɗurin baki nasu babi, shigo da makami kuma sai da izini, ga shi dajin Kamuku na Birnin Gwari gandun ƙasa ne tun 1999 da ba a farauta a cikinsa, sauran dazuzzukan yankin kuma kowa ya san halin da suke ciki. Ma'aunin tagullar ma ban ɗauko ba, hotonsa kawai na nuna wa wani tsohon abokin farautar kakana da na je gaisarwa a ƙauye. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce su da yatsu suke aunawa, a zura sanda a ga yatsa nawa ta rage a waje, uku na gada, huɗu na babban nama. Na ce, "Baba, ai yatsun wani sun fi na wani kauri." Ya ɗaga hannunsa na hagu, wanda yatsu biyu suka rage a jikinsa tun wata farauta da aka yi kafin a haife ni, ya ce in ƙara matso masa da hoton.