Agogon zafin inji ya tsaya: a canja sensa ko a fara gwaji?

Idan allurar agogon zafin mota ta kwanta a kan C (alamar sanyi) ta ƙi motsi, da yawa sukan sayo sabuwar sensa (mai auna zafin ruwan inji) kawai. Hanyar tana da sauri, kuma sau da yawa a dace, domin sensar kan mutu. Amma in fis ne ya ƙone ko waya ta tsinke, an yi asarar kuɗi, allura na nan kwance.

Ni na fi son gwaji tukuna. A tsohuwar mota mai sensa mai waya ɗaya, zare wayar, murɗa makulli ba tare da tada inji ba, ka taɓa ta a jikin inji na ɗan lokaci. Allura ta haura zuwa H (alamar zafi)? To agogo da waya lafiya lau, sensar ce. In ba ta motsa ba, bi fis da wayar. Kada a yi wa sabuwar mota haka, sensarta da kwamfuta take haɗe. Na'urar OBD, mai karanta bayanan kwamfutar mota, za a jona. Idan ta nuna wajen digiri 90 alhali allura na ƙasa, matsalar tana ɓangaren agogon.

Kafin duk wannan, bari inji ya huce ka duba ruwan lagireto, don in ruwa ya yi ƙasa sensa ba ta karanta daidai.