Kawu, na shiga marinar mutanen Japan

Assalamu alaikum Kawu, barka da warhaka, ya gida ya su Inna, ya marina. Nasan sai an karanta maka wannan sakon, don Allah duk wanda ya rike wayar ya karanta a nutse kar ya tsallake layi.

Hutun farkon watan Mayu da suke kira Golden Week ne na ce bazan kwanta a daki ba, na biya kudi na bi wata tawaga da ake zagayawa da ita wuraren sana'ar hannu, kwana uku, mu goma sha biyu da jagora mai fassara. Kai ne a raina tun da na ga an rubuta rini a takardar tallan.

Mun fara da Arimatsu, nan gefen Nagoya inda nake, minti ashirin a jirgin kasa. Tun 1608 aka kafa garin a bakin tsohuwar hanyar Tokaido, matafiya ke tsayawa su sayi kyallen dauri da suke kira shibori. Kawu wallahi da na ga tsofaffin matan nan a zaune suna kulle yadi da zare sai na tuna matan cikin gari da ke kawo maka dauri daga gida, hannun daya ne, saurin daya ne. Sai dai su salon daurin nasu ya haura dari kuma kowanne da sunansa, wata tun tana yarinya salo daya take yi har ta tsufa a kai.

Amma inda na so ace kana tsaye kusa dani shine Tokushima, can tsibirin Shikoku, tafiya ce mai nisa a bas sai an ketare gadoji a kan teku. Nan ne gidan shuninsu. Ganyen ba irin ganyen baba da muke rini dashi bane, wani tsiro ne daban da ake nomawa a bakin kogin Yoshino, suna busar dashi su tara a daki suna yayyafa ruwa suna juyawa wajen kwana 100 har ya rube ya koma kamar taki, shi suke kira sukumo. Daga nan sai ruwan toka da farar kasa da dusar alkama, wasu ma har giyar shinkafarsu suke dan zubawa wai don rinin ya tashi, wannan kam na ce mu Alhamdulillahi tokarmu da katsi, dattin kasan ramin rini da muke konawa, sun ishe mu. Warin da na ji ina shiga, na rantse warin marinarmu ta Kofar Mata a Kano ne, sai da idona ya kawo ruwa. Mai rinin ya nuna mana kumfar da ke taruwa a sama yace furen shuni suke ce mata, da ita yake gane lafiyar tukunya, yadda kai ma kake leka karofi, ramin rininka, da safe kafin ka sa muciya. Tukwanensu a binne suke a kasa hudu hudu da ramin wuta a tsakiya saboda sanyi, mu rana ta dauke mana wannan wahalar.

An bani hankici na tsoma, na matse, na baza a iska ya tashi daga kore ya koma shudi, jagoran yana ta bayani ni kuwa hannuna ya riga shi. Mai rinin ya tsaya yana kallona ya tambaya a ina na koya, na ciro waya na nuna masa hotonka a bakin karofi, na ce masa a garinmu ana lissafin marinar tun 1498. Ya dade rike da wayar yana kara girman hoton.

To ga gaskiyar da zan fada maka. A duhun launi basu fi ku ba. Ban ga abin da ya kai turkudin Kura sheki ba, kuma duk inda muka je ban ga 'yan bugu masu buga rinannen yadi ya yi sheki ba. Abin da suka fi mu shine yadda suke karbar bako. Tun daga kofa an baka safar hannu da rigar kare kaya, ga wurin zama, ga famfo, ga bandaki tsaf, kudin shiga a rubuce, kudin rina hankici a rubuce, ba ciniki ba albarka. In ka sayi gyale za'a nade maka shi kamar kayan lefe a sa 'yar takarda da sunan wanda ya rina da yadda zaka wanke shi kar ya zuba. Da wannan 'yar takardar suke sayar da gyale daya kudin da ya fi na shadda mai kyau a Kwari, kuma mutane na layi. Mu bako zai zo ya dauki hoto ya tafi, kai da ka kwana bakwai kana jiran karofi ya nuna ko sisi baka gani ba, wannan abin yana ci min rai tun ranar.

Kar kuma ka dauka su komai ya tafi daidai. Gidajen da ke yin sukumo a Tokushima basu cika yatsun hannu biyu ba, yawancin masu sana'ar furfura ce, kuma shudin da ke cikin manyan kantuna na kemikal ne kamar yadda galura ta cika mana kasuwa. Tsada kuwa sai wanda ya gani, riga daya na daga na mayar a hankali.

A hanyar dawowa muka tsaya Mino a jihar Gifu wajen masu takarda, washi. Bawon wata bishiya kozo ake dafawa a wanke a ruwan sanyi, a tsince datti daya bayan daya da hannu, a daka, sannan a zuba masa yaukin saiwar wani tsiro, da na tambaya ashe dangin kubewa ne, yaukin ne ke hana zaren dunkulewa a ruwa. Sai a debo da wani faifan gora ana girgizawa gaba da baya har takarda ta kwanta. UNESCO ta sa aikin cikin kayan gadon duniya a 2014 tare da na wasu garuruwa biyu. Na ja ta da karfi taki yagewa, nan take na tuna masu rubuta Alkur'ani da hannu da suke kukan takardar yanzu tana rubewa da wuri.

Na sayi falle biyar, zan bada a kawo tare da hankicin da na rina, a kai wa malamin unguwa ya gwada da alkalami da tawada ya fada min ko tana sha ko tana rikewa. Kai kuma Kawu don Allah ka ware min turkudi kalmi daya da dauri biyu daga hannunka, duk wanda zai taho ya riko min, na yi wa mai rinin nan alkawarin zan koma in nuna masa. A gaida Inna, a ce mata ina samun abincin halal, kifi da shinkafa dai kullum.