Tamatar bogi a farautar elk: ido take ruɗawa, hanci kuwa sai Allah

Ranar da na fara buɗe tamatar bogin nan a falo, uwargida ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai dala ɗari da 'yan kai na zuba a kan hoton dabba. Ban musa ba, don gaskiyarta ce. Ƙyalle ne aka buga wa hoton macen elk, aka zagaye bakinsa da waya mai tsalle irin ta gidan sauron da ake naɗewa, sai sanduna biyu na kafawa a ƙasa. In ka murɗa ta sai ta koma kamar faifai, ka cusa a jaka. Nauyinta kilo ɗaya ne da ɗan abin da ba a rasa ba.

Ga wanda bai san elk ba, naman dawa ne mai ƙaho mai rassa. Bijiminsa ya ɗara gwanki, yakan wuce kilo 300. Jihar Kolorado, inda nake zaune, ta fi kowace jiha a Amurka yawansu. A watan Satumba suke barbara, bijimai su cika duwatsu da wani kuka da ke farawa kamar busar sarewa ya ƙare da gurnani. A watan ne kuma ake buɗe wa masu kwari da baka daji.

Shekara biyu abu ɗaya ke hana ni nama. Zan busa kiran mace, bijimi ya amsa, ya taho yana karya rassa, gabana na dukan uku-uku. Da ya iso kamar mita 70 sai ya ja birki. Ya san daidai inda kukan ya fito, kuma daga nan ya kamata ya hango mai kukan. Bai ga kowa ba. Sai ya tsaya ya ƙare wa wurin kallo, ya juya abinsa. Ni kuwa kibiyata ba na sakinta in nisa ya wuce mita 35.

Shi ya sa na sayi tamatar bogi, don ya ga mai kukan. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurina. Ina yaro na ga maharba a garinmu suna ɗaura kan burtu a goshi, su durƙusa suna gyaɗa shi har su kusanci barewa. Sai dai burtu cewa yake wa dabba "ci gaba da kiwonki, ba kowa," wannan kuwa cewa take "zo, ga ni."

Gwajin da ya yi kyau a dajin gwamnati na Routt muka yi shi, a tudun da ya kusa mita 3,000, ganyen bishiyar aspen ya fara komawa ruwan ɗorawa. Ni da maƙwabcina ne, wani dattijon Bature da ya koya mini harbi. Ya kafa ta a bakin wani ɗan fili, ya zauna bayanta da abin busa, ni na matsa gaba kamar mita 50 na laɓe ta gefen da iska ke tafiya. Bijimin ya zo, ya tsaya inda suka saba tsayawa. Dattijon ya ɗan girgiza sandar, ƙyallen ya motsa kamar tana kiwo. Wallahi sai na ga wuyan dabbar ya miƙe. Ya taho kai tsaye, idonsa na kanta, ya gitta ta gabana a mita 25 bai ko waiwayo ba. A nan amfaninta yake. Jan baka motsi ne babba, kuma shi ke tona asirin maharbi, amma wanda hankalinsa ke wani wuri ba ya ganinka. Na yi bisimilla na saki. Sawu huɗu muka yi kafin mu kwashe naman zuwa mota, gwiwoyina sun yi mako suna ba da labari.

Kwana biyu kafin nan kuwa kunya ta ba mu. Da sassafe iska a duwatsu gangarowa take, in rana ta ɗaga sai ta juya ta hau. Mun kafa ta da hantsi, daidai lokacin da iskar ke waiwaye. Bijimin ya gan ta, ya yi taku uku, ya ɗaga hanci, shi ke nan. Ƙarar kofato kawai muka ji. Ba hoton da zai rufe warin ɗan Adam.

Tana da wasu aibobin. Shafaffiya ce, in dabba ta zagayo ta gefe sai ta ga sirit, mace ta ɓace. Sandunan ba sa shiga ƙasa mai tsakuwa, iska mai ƙarfi kuma ta mai da ita tuta. Wayar in ka sake ta da garaje tana yin "fat" da za a ji daga nesa. Tsofaffin matan garke ba sa yarda da ita. Wata ta tsura mata ido, ta yi haushi sau ɗaya, garke ya watse. In kai kaɗai ne ma wahalar ta fi, don duk inda ka kafa ta kusa da kai, can ka jawo idon da kake gudu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali mutane ne. A tsakiyar Satumba akwai kwana 9 da masu bindigar ɗuri ta baki, dangin adakarmu, ke shiga daji tare da mu. Wata safiya na hango wani mai bindiga da hula ruwan lemo yana sanɗar ƙyallena, ni kuwa ina zaune bayansa. Na miƙe na ɗaga murya, ya sauke bindiga yana ba da haƙuri. Tun ranar na ɗinka mata jan ƙyalle mai ƙyalli a baya, ba na tafiya da ita a buɗe, kuma a waɗannan kwanaki 9 ba ta fita daga jaka.

Wanda ke da abokin farauta kuma ya iya karanta iska, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Tawa tana gareji cikin buhu da ganyen itacen daji, nesa da kicin, don na lura ƙyallen ya fara ɗaukar ƙanshin daddawar uwargida.