Otal ɗin bakin teku ko masaukin Agege?

'Yan Ringim masu zuwa Legas, ku ji. Wancan ƙaton otal na bakin teku a Victoria Island a hoto ne kawai yake da kyau, kana shiga ɗaki AC na ɗigar ruwa, tawul na warin danshi, iskar gishiri ta cinye ƙarfen baranda duk tsatsa, ka kira risefshan su ce muna zuwa har ka yi barci ba wanda ya leƙo, kuma kuɗin kwana ɗaya ya haura na buhun taki wallahi. Masaukin Agege kuwa fanka ce kawai, in an ɗauke wuta sai haƙuri, amma famfo na kawo ruwa, masallaci na kusa, mai tuwo na bakin ƙofa. Ni dai Agege zan sauka.