Zoom H1n: ko ta dace da ɗaukar waƙoƙin uwaye a ƙauyukan Adar?

Masu binciken rayuwar uwa a karkarar Tawa sun san takardar tambayoyi ba ta kai su nesa. Mace ba za ta ambaci sunan ɗan farinta ba saboda kunya, balle ta faɗa wa baƙo yadda take ji tun da maigida ya tafi cin rani Abijan. Amma a waƙar daka, waƙar niƙa da ta reno, tana faɗin komai cikin habaici. Abin ɗaukar murya shi ne rabin aikin.

Zoom H1n ƴar ƙaramar na'urar ɗaukar murya ce, tana shiga aljihu, ba ta firgita mutane kamar kyamara. Pil biyu ƙanana (AAA) take ci, masu kyau suna kai wajen awa 10. Na teburin kasuwa kuwa ba su kusantar haka, a tafi da guzuri daga Yamai ko Tawa. Katin ajiyarta (microSD) bai wuce 32 GB. A tsarin ɗaukar sauti mai inganci (WAV 48 kHz/24-bit) awa guda tana cin kusan 1 GB.

Muryar mace a cikin ɗaki tana fitowa tsaf. Matsalar tana tsakar gida. Makirufonta biyu a buɗe suke, iskar hunturu kaɗan ta isa ta binne waƙa da gurnani. Dole a sayi hular gashi ta rufe makirufo daban, soso kaɗai ba ya tare iskar Adar, sannan a kunna Lo Cut (maɓallin rage gurnani) a 120 Hz. Wajen daka kada a ajiye ta ƙasa: bugun taɓarya yana bin ƙasa ya shiga jikinta, wanda roba ce marar nauyi, ko motsin yatsa tana ɗauka. A ɗora ta kan mariƙi mai ƙafa uku daidai bakin mai waƙa, kamar taki ɗaya daga turmi, a rage ƙarfin ɗauka har sautin lugude ya tsaya wajen -12 a ma'aunin sautin da ke allonta, a kunna Limiter (mai hana sauti wuce iyaka) don guɗa.

Ƙaramin lasifikarta ba shi da daɗin sauti, amma ya isa mai jego ta saurari muryarta nan take, ta ce a bar wannan, a goge wancan baitin da ya taɓa kishiya. Wannan kaɗai ya sa muka fifita ta kan salula. Ga hira da ungozoma ɗaya a rumfa, a haɗa mata makirufon maƙalawa a riga.