Fanshon Ingila da rigimar Kemi Badenoch

Wani dattijo da nake kula da shi a nan Bradford, tsohon direban bas, ya miƙo mini wasiƙa in karanta masa don idonsa ya yi rauni. Gwamnati ce ke sanar da shi an ƙara masa fansho da kashi 4.1 cikin ɗari daga Afrilun 2025. Bai cike takarda ba, bai bi layi ba, ba wanda ya ce ya zo a tantance ko yana raye. Kuɗin kawai zai gani a asusunsa. Sai ya ja tsaki, wai ƙarin ko kuɗin gas bai kai ba! Na riƙe baki. Baffana ya yi shekara 35 yana koyarwa a Najeriya, aka yi ta kiransa tantancewa cikin rana yana dogara sanda, har Allah ya karɓi abinsa bai ga giratutinsa ba.

A nan duk shekara ana duba hauhawar farashi, da ƙarin albashi, da kashi 2.5, wanda ya fi yawa da shi ake ƙarin. Wannan ƙa'idar ce ake ta ce-ce-ku-ce a kai. Kemi Badenoch, shugabar jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya, wadda ta tashi a Legas, tana ganin kuɗin tallafi ya yi wa ƙasar nauyi. A Janairun 2025 ta ce ya kamata a riƙa duba ƙarfin aljihun mutum a harkar fansho, aka yi mata caa, jam'iyyarta ta shiga gyara zance. Tana kuma goyon bayan a tsayar da tallafin yara a kan biyu. Ina ma a ji ta faɗi haka a zauren gidanmu.

Wani abin da gaskiyarta, tsofaffi na ƙaruwa, ga shekarun ritaya za su tashi daga 66 zuwa 67. Amma da ta ce baƙo sai ya shekara 10 maimakon 5 kafin a ba shi izinin zaman dindindin, raina ya ɓaci. Mu ne ke wanke tsofaffin nan da asuba, ana yanke mana haraji da kuɗin inshorar ƙasa da ake tara fansho da shi kowane wata, bizarmu kuwa ta hana mu taɓa ko sisin tallafi.

Ku masu cewa in na gama in dawo gida in ci fansho, ku sani cikakkensa sai da shekara 35 na biyan kuɗin inshorar nan. Kuma wanda ya koma Najeriya, a kan adadin da ya fara karɓa za a tsayar masa, ba ƙarin shekara-shekara.